Hannun Dama da Jirgin Roba

Matan zumuntar cocinmu sun nemi in tashi a taro in ba da labarin jinyar maigidana, ko wasu za su ɗauki darasi. Na ce su yi mini haƙuri. Shekara talatin da biyar na yi a gaban allo, na san abin da ke samun magana idan ta wuce minti goma: rabin aji na gyangyaɗi, rabi na kallon taga. Gara in rubuta, mai gyangyaɗi ya ajiye takardar, in ya farka ya ci gaba. Ban da haka, akwai laifina a cikin labarin, kuma takarda ba ta zaro wa mutum ido.

Sunana Rahila, amma a Samaru Malama ake ce mini, har da masu furfurar da suka taɓa zama a ajina. Maigidana Malam Bitrus, wanda nake kira Baban Saratu, ya yi ritaya ne daga ɗakin gyaran na'urori na jami'a. Duk abin da ke da ƙaramar ƙusa ko siririyar waya, daga ma'aunin ɗakin gwaji har agogon bangon coci, ya bi ta hannunsa. Mutum ne mai tsadar magana. Abin da wasu ke faɗa da baki, shi da yatsu yake faɗa.

Yana da hawan jini, yana kuma da maganinsa. Abin da ban sani ba shi ne ya yi wata huɗu da ajiye ƙwayoyin, don ba ya jin ciwon komai, kuma wani abokinsa ya tabbatar masa zoɓo marar sukari da tafarnuwa sun wadatar. Abokin nan yana nan lafiyarsa ƙalau, har dubiya ya zo.

Wata Talata da safe, farkon damina, muna karyawa sai kofin koko ya suɓuce masa. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na aro. Ya buɗe baki zai yi magana, ta fito kamar ta mai loma a baki, gefen leɓensa na dama ya zubo. Na ce masa ya daina wasa. Haka na ce, kuma na rubuta ne don kada wata ta maimaita.

Kafin a jima falonmu ya cika, kowa likita. Wata ta ce iska ce ta buge shi, a shafa man zafi. Wani ya ce ya gani a waya, a soke kan yatsunsa goma da allura jini ya fita. Wata ta koma gida daka tafarnuwa. Mun ci fiye da awa biyu a wannan majalisar. Mai kemis na bakin titi, wanda na daɗe ina raina karatunsa, shi ya zo ya auna jinin, ya ƙi sayar mana da ko ƙwaya ɗaya, ya fita da kansa ya tare mana keke napep. Har gobe in na wuce shagonsa sai na tsaya na gaishe shi da kyau.

A babban asibiti na koyi cewa layi ma yana da 'ya'ya. Layin kati ya haifi layin biya, layin biya ya haifi layin hoton kai, shi kuma ya mayar da mu layin biya. Likitan da ya gan mu yaro ne sa'an 'yarmu Saratu. Ya ce sitirok ne, jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin dama ya shanye. Ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya fara. Da na faɗa, ya dubi agogonsa, ya ci gaba da rubutu. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana goma sha biyu muka yi a ɗakin maza. Akwai nas ɗin da ke amsa tambaya kamar an taka mata ƙafa, akwai kuma wadda ta koya mini yadda ake juya mutum a gado ba tare da an ja kafaɗar da ta shanye ba, ta sa na yi sau uku a gabanta har ta gamsu. Ita ce dai nas ɗin, safiya da yamma ne suka bambanta. Magani rabi a ciki, rabi sai an tsallaka titi. Kuɗin fansho suka shiga suka fita ba mu ko gaisa ba. Saratu ta zo daga Jos ta yi mako guda, ta cike inda muka gaza, aiki ya kira ta ta koma tana kuka.

Ranar sallama ƙafa ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda. Magana ma ta dawo, sai dai a hankali. Hannun kuwa yana kwance a cinyarsa, yatsun na ɗan motsi kamar masu mafarki. Likitan ya faɗi maganar da ta zauna mini. Ya ce, "Mama, watannin farkon nan su ne ranar kasuwa. Abin da hannun bai saya a cikinsu ba, da wuya ya same shi in kasuwa ta watse." Ya ce in aka bar shi a kwance yatsun za su dunƙule, su zauna a haka.

Wanda bai rasa hannun dama ba bai san yawan aikinsa ba. Da shi ake cin tuwo, da shi ake karɓa, da shi ake miƙawa, da shi ake gaisawa. Baban Saratu ya ƙi cin abinci a gaban kowa, ya kuma rantse ba zai miƙa wa ɗan'adam hagu ba. In 'yan dubiya suka shigo sai ya tura hannun ƙarƙashin mayafi, ya amsa gaisuwa da ka. Coci ma ya daina zuwa, don a can daga ƙofa har kujera hannuwa ne ke jiran mutum.

Mu kuwa a wajenmu jinya hidima ce. Majinyaci ba ya ɗaga ko tsinke, kuma da haka ake auna matar kirki. Yayarsa, Yaya Laraba, ta taso daga Wusasa da jakarta ta tare a ɗakin baƙi, muka shiga tsere ni da ita. In na ɗauki cokali ta riga ta ɗauki kofi. In ta saka masa maɓalli na sa masa takalmi. Ko ƙuda ya sauka masa, hannu biyu ke tashi, ba nasa a ciki.

Sau biyu a mako muna zuwa sashen gashin ƙashi. Mai kula da shi wata Jummai ce, wadda na koyar a aji huɗu, lokacin tana zama a layin gaba da kitso biyu. Ta ba shi aikin gida: ya riƙa tsintar wake daga faranti yana zubawa a kofi, ya matsa ƙwallon roba, ya saka maɓallinsa da kansa. Ya yi kwana biyu ya ture farantin. Ya ce shi da ya gyara ma'aunin da ke auna ƙwayar gero guda, ba zai ƙare da tsince-tsince kamar kaza ba. Mako na huɗu da na biyar suka wuce yana zaune, rediyo na magana, shi ba ya yi.

A mako na shida Oga Cidi ya zo. Ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, yana sayar da kayan wasan yara na gwanjo. A can aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu masu karanta labarai. Shekara da shekaru duk motar batir ko 'yar tsanar da ta fito daga dila a mace, Baban Saratu ke tayar masa da ita, ladansa hira da kwalbar lemo. Kowa na zuwa dubiya da ayaba ko madara, shi sai ga shi da wani ƙaton kwali da ya sha tafiya, da hoton jirgin sama na ratsa hayaƙi a bayansa. Ya ce ya shekara biyu a shago. Duk uban da ya buɗe ya ga ba jirgi a ciki sai tarkace, sai ya rufe ya sayi bindigar ruwa.

"Baba, wannan ba na yara ba ne, na masu taurin kai ne," in ji shi. "Shi ya sa na tuna da kai."

Jirgin yaƙi ne na Turawan Ingila, na yaƙin duniya na biyu, mai farfela ɗaya da mazaunin mutum ɗaya. An rage girmansa sau ashirin da huɗu, duk da haka daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya kai kamu guda. Sassansa na roba ne, ɗaruruwa, kowane maƙale a jikin firam da lambarsa, wasu ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Akwai littafin bayani, zane ne zalla da kibiyoyi. Ni na duba na ga rubutun aljanu. Shi ya ɗora a cinya ya buɗe da hagu, ya karanta kamar wasiƙar gida. Ranar ya yi maganar da bai yi ba a mako shida. Ya nuna wa Cidi inda mai ke bi da inda iska ke shiga, ya ce mahaifinsa da ya je yaƙin Bama yakan ba su labarin irin waɗannan, wai kafin ka ji ƙararsu sun wuce.

Da muka gaya wa Jummai ta ce wannan ya fi wake, amma da sharaɗi: hagu ta riƙe, dama ta yi aiki. Muka share rabin teburin cin abinci. Gam ɗin cikin kwalin ya bushe tun kafin a haifi wasu, sai muka koma sufa gulu. Abin yanke farce ya zama almakashi, aka samo hantsaki da guntun samfefa.

Makon farko na kalli abin da ban so gani ba. Yanke sashi ɗaya daga firam sai ya ci masa minti goma sha biyar. In ya samu ya yanke, abin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kabad. Kujerar matuƙi gutsure huɗu ce, ta ci kwana uku, ta fito a karkace. Gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan littafin. Rana ta biyar ya sa hagu ya share komai gefe, ya ce a kai wa 'ya'yan maƙwabta, ya juya fuska bango. Shekara arba'in da aure, ban taɓa ganin kafaɗarsa na rawa haka ba.

Maganin da yake sha bayan abincin rana yana sa shi barci kamar awa biyu, Yaya Laraba ma lokacin take miƙe baya. Ranar na zauna a kujerarsa don in tattara kayan. Na ce bari in daidaita masa kujerar nan kawai, kada ya tashi ya gan ta a karkace. Na daidaita. Sai na ga abin da ke biye da ita a zanen ba shi da wuya. Na manna. Da ya farka ya zauna ya daɗe yana kallon teburin, sannan ya jawo littafin ya ci gaba. Na ce wa raina ciwon ya taɓa masa tunani, yana zaton shi ya yi.

Washegari na ƙara. Na tsara abin kamar jadawalin darasi: da safe ya yi ta fama da gutsure ɗaya ko biyu, da rana in yi mataki biyu ko uku, ba da yawa ba yadda zai yi zargi. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, daɗin abin nake ji. Ashe akwai natsuwa a ganin ƙaramin abu ya shiga gurbinsa ya zauna daram, natsuwar da jinya ta hana ni. Mako uku muna haka. Injin ya haɗu da bututansa, ɗakin matuƙi ya cika da agogunansa, gangar jiki ta rufe. 'Yan dubiya na shigowa suna ta al'ajabi, suna cewa hannu ya dawo, a gode wa Allah. Shi yana gyaɗa kai, hannun na ƙarƙashin mayafi.

Sai Jummai ta ce a kawo mata jirgin ta gani. Muka sa shi a baho, muka rufe da zane, na rungume a keke kamar mai kai jariri awo. Ta ɗaga shi ta juya, ta leƙa injin, ta yaba. Sannan ta ajiye, ta jawo farantin wake da kofi, ta dubi agogo ta ce Baba ya fara. A minti guda ya kai ƙwaya uku, ɗaya ma a ƙasa ta ƙare. Ta dubi kofin, ta dubi injin mai bututu kamar gashin kai, sannan ta dube ni.

"Malama, wa ya yi masa aikin gida?"

Tambayata ce, da muryata. Na yi wa iyaye ita ba adadi. Na taɓa yi wa mahaifiyar Jummai ɗin nan ita a kan taswirar Najeriya da ta zo da koguna sumul kamar an buga a inji. Na jira ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta kama hannunsa ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini biyun ƙarshe da suka fara ƙin miƙewa. Ta ce jirgi dai ya samu sauƙi sosai, amma ba shi aka kwantar ba. Mako uku sun fita daga ranakun kasuwar, kuma ba ta da inda za ta samo mana su.

Muka hau keke, har muka wuce kwanar da ake shiga Samaru. Can Baban Saratu ya ce, yana kallon titi, tun ranar farko ya sani. Na ce ta yaya. Ya ce ba mahalukin da ya taɓa riƙe sifana da zai manna bututun hayaƙi suna kallon gaba. Jirgina, in ji shi, in ya tashi matuƙin zai shaƙe kafin abokan gaba su gan shi.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ke me ya hana ki?"

Kara ya yi mini. Ya ga ina fitowa daga falo fuskata a sake, abin da ya daɗe bai gani ba, ya kasa kunyata ni. Ni kuma na yi ne don kada ya ji kunya. Ya ƙara da cewa kada in ɗauki laifin duka, don shi ma in ya farka ya ga an wuce wurin da ya gagare shi, yakan ji irin daɗin da ɗalibi ke ji ranar da malamin lissafi bai zo ba. Haka mutum biyu masu hankali suka yi mako uku suna yi wa juna ladabi, hannu na mutuwa a tsakaninsu.

Daga ranar na kafa doka, kuma ba a kan jirgi kaɗai ba. Cokali nasa ne. Maɓalli nasa ne. Sabulu, buroshi, murfin kwalbar magani, duk nasa. In yana barci kwalin na cikin kabad a kulle, makullin na aljihunsa. In yana aiki ina zaune nesa da tire ina ɓarar agushi, don hannuna ya samu abin yi. Na ɓare agushin da ya ishe mu har Kirsimeti.

Yaya Laraba ba ta ɗauka ba. Da safen da ta ga ya yi minti ashirin a kan maɓalli uku ina tsaye ina kallo, ta ce, "Rahila, ƙanena ke kokawa da riga a gabanki kin harɗe hannu? In kin gaji ki faɗa, danginsa ba su ƙare ba." Na yi mata bayanin likita. Ta ce likita bai san zafin ɗan'uwa ba, kuma ita ba ta taɓa jin inda aka warkar da dattijo da kayan wasan yara ba. Ta haɗa jakarta ta koma Wusasa, labarin kuma ya riga ta isa ko'ina. Matan zumunta suka fara zuwa bibbiyu suna ƙarfafa ni a kan haƙuri da miji a lokacin rashin lafiya. Wata da na koya wa karatu ta riƙe hannuna ta ce kowa na gajiya, ba abin kunya ba ne. Na ba su ruwa, na yi godiya, na raka su ƙofa. Ba abin da ya fi wuya a jinyar nan kamar wannan, har da layin asibiti. Kallon mutum na wahala da abin da za ka gama masa cikin ƙiftawar ido, ga kuma sunanka na yawo a gari.

Fukafukan shi ya yi su, shi kaɗai. Kowane na da bindigogi da ƙananan ƙofofi da ramin taya. Na dama ya ci mako uku, gam ya yi masa dabbare-dabbare. Na hagu ya ci kwana goma sha biyu, ya fi tsabta. Wanda ya iya karatu zai karanta jinyar gaba ɗaya daga wannan fiffike zuwa wancan. Bututun hayaƙina kuwa ya ce a bar su yadda suke, don tarihi.

Da aka zo fenti na shiga Sabon Gari, Cidi ya kai ni wajen wani mai fentin mota. Mutumin kirki, ya ce a gwada a guntun firam tukuna. Muna kallo robar ta yi laushi ta lanƙwashe kamar alewa a rana. Da ya biye wa gaggawata da aikin wata uku ya narke. A ƙarshe a nan Samaru na samu, a shagon da ɗalibai masu zane ke sayen kala, irin wadda ake sirkawa da ruwa. Kore, ruwan ƙasa, da shuɗi mai haske na ciki. Farko ya riƙe buroshin a dunƙule kamar taɓarya. Bayan kwana goma na ɗago daga agushina na ga ya riƙe shi da yatsu uku, kamar alƙalami. Na tashi na shiga kicin na daɗe ina wanke tukunyar da ba ta da datti. Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro fentin ɓad-da-kama albarka, don ba ya neman miƙaƙƙen layi, rawar hannu ma ado ce a cikinsa.

A wajen Jummai wake ya tashi daga uku zuwa tara, daga tara zuwa abin da ta daina ƙirgawa. Yatsu biyun ƙarshe ba su dawo duka ba, kuma ta gaya mini ba lallai su dawo ba. Ban tambaye ta ko makonni ukun nan ne suka ci su ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya fara cin shinkafa da cokali a dama. Wata rana ya sa na rufe ƙofa, ya yanki lomar tuwo, ta kai baki da rabin miyarta. Amma gaisuwa ya ƙi. Ya ce hannun da ba zai iya damƙe na mutum ba, miƙa shi roƙon tausayi ne. In an yi sallama, mayafi.

Ga abin da nake so matan zumunta su riƙe, tunda shi suka nema. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji daɗi. Baki ya karkace ko hannu ya saki, a nemi mota, a bar tafarnuwa a turmi. In kuma an dawo gida, a tambayi masu gashin ƙashi abin da majinyaci zai iya yi da kansa, a bar masa shi, ko duniya za ta zage ki. Hidimar da muka gada tana da kyau ga mai zazzaɓi. Ga mai shanyewar jiki tana iya zama ita ce ciwo na biyu.

Jirgin ya ƙare ne wata Asabar da la'asar, an fara girbi, wata na shida da faɗuwar kofin. Yaya Laraba ta dawo, ba ita kaɗai ba, da Baba Yakubu, dattijon cocinmu. Daga irin zaman da ya yi da yadda ya ajiye hularsa a gwiwa na san an turo shi ya yi mini faɗa ne cikin hikima. Baban Saratu na kan tebur, bai samu ya rufe hannun ba, don saura gutsure ɗaya: gilashin gaban matuƙi, roba ce garau, ba ta fi ɓawon gyaɗa ba. Baba Yakubu ya fara da tambayar amfanin gona, yana kewaye-kewaye zai shigo kan magana, sai gilashin ya zame daga hantsaki ya faɗi ƙasa.

Ina ganin inda ya tsaya, gindin ƙafar kujera. Yaya Laraba ta yunƙura. Na ce, "Yaya, don Allah ki zauna." Ta dubi Baba Yakubu, irin kallon nan na ka gani da idonka.

Baban Saratu ya ture kujera baya. Ya dafa tebur da hagu, ya sauka a kan gwiwa ɗaya, sannan ta biyu. Ya shafa siminti da dama har ya taɓo shi. Ya kama, ya zille. Ya sake kamawa, ya zille ya ƙara nisa. Daga inda nake ina jin numfashin Yaya. A karo na huɗu babban yatsa da manuni suka haɗu a kansa, ya ɗago shi sama ya duba ko ya karce, ya miƙe da kansa ya zauna. Ya ɗiga gam, ya zarce kima kamar kullum, ya ɗora gilashin a gurbinsa ya danna da babban yatsa. Da ya ɗaga, zanen yatsan ya fito fari a kan gilashin, ba mai goge shi har abada.

Baba Yakubu ya manta da abin da ya kawo shi. Ya miƙe ya zagayo teburin yana cewa sannu da aiki, Malam, sannu da aiki, ya miƙa hannu yadda ya saba yi wa kowa. Na ga Baban Saratu ya dubi hannun. Sannan ya ɗaga nasa, na dama, ya damƙe.

Suka girgiza, suka ƙara girgizawa. Baba Yakubu ya ja zai saki, hannu ya ƙi. Gam ɗin da ke babban yatsan maigidana ya kama bayan hannun dattijon coci ya riƙe. Yaya Laraba, da hawaye a fuskarta, ta fashe da dariya har tana dafa bango, ta ce mini in tashi mana in kawo ruwan ɗumi da sabulu, ko wannan ma shi zai yi da kansa.

Na miƙe zan nufi kicin, Baban Saratu ya ce, "Kada ki yi sauri, Malama. Wata shida ban gaisa da kowa ba."